Ohio, jirgin dakon man da aka tallafo har tashar Malta

Baba Injiniya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya da ake hirar jiragen yaƙi, wani daga cikin yaranmu ya ce jirgin dakon mai ba shi da tarihi, lodi kawai yake yi ya sauke. Maganar ta tsaya mini a rai, don a ɗakin injin irin waɗannan jirage na yi ƙuruciyata har furfura ta fito. To ga labarin Ohio, kowa ya auna.

Ohio jirgin kasuwa ne na kamfanin Texaco. A garin Chester na Amurka aka ƙera shi, aka saka shi ruwa ranar 20 ga Afrilu 1940. Tsawonsa mita 157, yana cin ganga 170,000 ta mai, yana gudun kusan kilomita 30 a awa. Wanda ya saba da mota zai raina wannan gudu, amma a lokacin da wuya a sami jirgin dakon mai da zai bi ƙurarsa. Gudun nan ne ya jawo masa abin da ya same shi.

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, tsibirin Malta yana hannun Birtaniya, a tsakiyar Bahar Rum, tsakaninsa da Sisili kilomita 90 da 'yan kai. Jiragen saman Jamus da Italiya suna yi masa ruwan bom dare da rana. Mutum fiye da 250,000 ne a ciki, abinci na ƙarewa, kananzir na girki na ƙarewa, man da za a zuba wa jirage da injin ruwan sha na ƙarewa. Ayarin da zai kai ɗauki dole ya yi sauri, Ingila kuwa ba ta da jirgin mai mai irin wannan ƙafa. Ohio ya shigo kogin Clyde na Iskotilan a watan Yuni da lodin mai, kamar yadda ya saba aikinsa, sai umarni ya zo: gwamnatin Amurka ta karɓe shi daga Texaco ta miƙa wa Ingila. Ranar 10 ga Yuli aka sauke ma'aikatansa Amurkawa, aka sauya tuta, aka ba kamfanin Eagle Oil kula da shi, aka ɗora Kyaftin Dudley Mason.

Ɗan Tanka:
Wa alaikumus salam Baba. Bari in mayar da lissafin nan zuwa abin da na sani. Ganga ɗaya lita 159 ce. Tankata lita 33,000 take ci. Ke nan cikin jirgin nan ɗaya akwai tanka sama da 800. Ni da guda ɗaya a bayana, in na ga mai shayi ya hura wuta kusa da inda na faka, barci ba ya ɗaukata. Su wa suka yarda suka hau wannan abu aka nufi inda ake harbi?

Baba Injiniya:
Mutum 77 ne, Malam. 24 daga ciki sojoji ne da aka kawo don bindigogin da aka kakkafa a kansa. Sauran duk farar hula ne irina da kai: masu kula da inji, masu famfo, kuku, yaran kicin. A wannan tafiya tan 11,500 na kananzir da man dizal aka zuba masa, wato a naka lissafin tanka 400 da ɗoriya.

Malama Binta:
Nan ne inda nake so mu tsaya, Baba, kafin labarin jarumta ya ɗauke mu. Soja ya sa hannu ya san abin da ya shiga, yana da kaki, yana da fansho. Waɗannan fa? Ma'aikatan kamfani ne. Har zuwa watan Mayu 1941, a jiragen kasuwan Birtaniya, ranar da jirginka ya nutse ranar albashinka yake tsayawa, ko da kana cikin kwale-kwale kana jiran ceto. An gyara dokar daga baya, amma tana nuna yadda ake kallonsu. Fiye da ma'aikatan jiragen kasuwa 30,000 na Birtaniya suka mutu a yaƙin nan. Ni a ganina idan gwamnati ta ƙwace jirgi, ba ƙarfe kaɗai ta ƙwace ba, har da rayukan waɗanda ba su da wata sana'a sai shi.

Baba Injiniya:
Malama, ba zan musa miki ba ko kaɗan. Ni kaina na taɓa yin wata huɗu a wani jirgi da mai shi ya yi watsi da mu a bakin tasha, ba albashi, ba kuɗin komawa gida. Na san darajar ma'aikacin jirgi a idon masu jirgi. Amma ki ba ni dama in kai labarin inda zan nuna miki cewa ba don farar hular nan ba, da sojan bai kai komai Malta ba.

Ɗalibi:
Baba, don Allah tambaya. Me ya sa ba a ba sojojin ruwa jirgin gaba ɗaya ba, tunda aikin yaƙi ne?

Baba Injiniya:
Yaro, jirgin dakon mai ba a koyonsa a mako biyu. Cikinsa rumbu-rumbu ne, kowane rumbu da bututunsa da makunninsa. Wanda bai san wane zai buɗe wane zai rufe ba, shi da kansa zai karya jirgin ko ya kifar da shi, ba sai abokin gaba ya zo ba.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Ohio yana da ɗan'uwa mai suna Kentucky, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya. An tura Kentucky Malta a watan Yunin wannan shekara. Bom bai ma faɗa masa a kai ba, kusa da shi ya fashe a ruwa, girgizar ta fasa babban bututun tururi, inji ya mutu, jirgin ya tsaya cik, aka rasa shi da man da ke ciki. A wancan ayari, cikin jirage 6 da suka taso daga Jibralta 2 ne suka isa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin Ohio ya tashi sai da aka ɗora injinsa a kan roba, aka tallafe bututun tururi da sifirin na ƙarfe da katako, don ya jure girgiza. Aikin makanikai ne na 'yan makonni a bakin tasha, ba wanda ya ba su lambar yabo, amma duk wanda ya san inji ya san abin da wannan aiki ya saya.

Ayarin ya bar Clyde ranar 2 ga Agusta 1942, jiragen kaya 14, Ohio ne kaɗai mai dakon mai a cikinsu. Suka ratsa mashigin Jibralta daren 9 wayewar 10. Rakiyar kuwa ba a taɓa yi wa Malta irinta ba: manyan jiragen yaƙi Nelson da Rodney, jiragen dakon jiragen sama, da masu rakiya barkatai. Ranar 11 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-73 ya harbi Eagle, ɗaya daga masu dakon jiragen sama, ya nutse cikin 'yan mintoci kowa na kallo. Da yammacin 12 manyan jiragen suka juya baya, don ba za su iya shiga matsatsin da ke tsakanin Tunisiya da Sisili ba. Ba a jima da juyawarsu ba wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya mai suna Axum ya saki tofido 4, wato bom mai gudu a cikin ruwa, ya sami jirage 3 a lokaci guda: Cairo, da Nigeria, da Ohio.

Ɗalibi:
Nigeria? Tamu?

Malama Binta:
Sunan dai namu ne, ƙanina, jirgin na Ingila ne. Suna da jerin jiragen yaƙi da suka raɗa wa sunayen ƙasashen da suke mulka, shi ya sa akwai Kenya ma a wannan ayari. Nigeria bai nutse ba, ya lallaɓa ya koma Jibralta, aka gyara shi a Amurka. Bayan yaƙi aka sayar wa Indiya, suka sa masa suna Mysore.

Sani Kumasi:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Mu ma muna da rabo a nan. Kwamandan rakiyar da ta ci gaba da ayarin bayan manyan jiragen sun juya, Admiral Burrough, a kan Nigeria yake. Da aka harbe shi sai ya koma kan wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Ashanti, daga nan ya ci gaba da ba da umarni. Wannan Ashanti ya zo Takoradi a 1939, Asantehene Prempeh na Biyu, sarkin Ashanti, ya ba shi kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya. Kuma Malama, Takoradi ɗin nan tana da wata alaƙa da maganar. Saboda Bahar Rum ta rufe ne Ingila take sauke jiragen sama a akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, El Fasher, Khartum, har Alƙahira. Dubban jirage suka bi ta kan Kano saboda ruwan da Ohio ya ratsa ba ya ratsuwa.

Ɗan Tanka:
Malam Sani ka ƙaru mu. Amma Baba, koma kan tofido. An harbi jirgi cike da mai, ya aka yi bai tashi ba? Na taɓa ganin tankar fetur ta faɗi a gabana a hanya, kafin in ja birki wuta ta riga ta haye bishiyoyi. Har yau ba na son tuna mutanen da suka zo da jarkoki.

Baba Injiniya:
Allah ya jiƙansu. Kai ma ka san amsar, Malam, in ka tuna bambancin lodin fetur da na gas. Fetur ko a cikin sanyin ƙanƙara yana fitar da tururin da ke kama wuta. Kananzir sai ya ɗumama ya haura digiri 38, dizal sai ya wuce 50. Ohio ya kama wuta sosai, amma wuta ce da mutum zai iya tunkara. Fetur na jiragen sama kuwa a gwangwanaye aka rarraba shi a sauran jiragen kaya, tare da harsasai. Shi ya sa da bom ya sami Waimarama da safiyar 13, ya tashi gaba ɗaya, yawancin mutanensa suka mutu nan take, teku kanta tana ci da wuta.

Tofidon ya sami Ohio a tsakiya, daidai ɗakin famfo, ya huda rami mai faɗin kusan mita 7 da 8 a gefen hagu. Bene ya tsage, sitiyari ya lalace, kamfas ya mutu. Mason ya sa aka kashe inji, mutane suka fito da abin kashe wuta, ruwan teku da ke kwarara ta ramin ma ya taimaka. Babban injiniya James Wyld da yaransa suka sake tayar da inji. Aka koma tuƙi daga sitiyarin ko-ta-kwana da ke can baya, ba kamfas, cikin duhu, wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Ledbury yana gaba yana nuna hanya. Da rami irin wannan a cikinsa, jirgin ya yi kilomita 24 a awa, gari na wayewa ya cim ma ayari. Jikinsa walda ce, cikinsa kuma a rarrabe yake, ruwa ya cika wani rumbu bai tsallaka wani ba.

Ranar 13 ce ranar wuya. Duk matuƙin jirgin saman da ya zo, Ohio yake nema, don sun san in babu shi sauran kayan ba su da amfani. An harbo wani jirgin sama mai jefa bom samfurin Stuka ya faɗo a kan benensa, wani jirgin Junkers ya daki ruwa ya yi tsalle ya faɗo masa shi ma. Bama-bamai suka fashe dama da hagu har suka ɗaga shi sama. Wutar tukunyar tururi ta mutu, suka sake hura ta. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Mutumin da ke ɗakin inji yana ƙarƙashin ruwa ne, ba ya ganin sama, ba ya ganin abin da ke zuwa, ƙara kawai yake ji da girgiza, fitila na ɗaukewa, tsani ɗaya ne tsakaninsa da waje, kuma ya san me ke cikin rumbunan da ke jikin bangonsa. Soja a sama yana da bindigar da zai rama. Na ƙasa sifana ce a hannunsa. Kafin azahar dai injin ya mutu mutuwar da ba ta tashi.

Abu Fatima:
Ranka ya daɗe Baba, labari ya yi daɗi, amma bari in zama mai ja. An shiga da jiragen kaya 14, aka rasa 9. An rasa jiragen yaƙi Eagle, Manchester, Cairo da Foresight, ga ɗaruruwan rayuka. Italiya da Jamus sun yi shelar nasara, kuma in lissafin jirage za a bi, suna da gaskiya. Ina ganin Ingila ta ɗauki jirgi ɗaya da ya tsira ta lulluɓe asarar da shi. Cewa Ohio ne ya ceci Malta, daga nan ya karya Rommel, kwamandan sojojin Jamus a Afirka ta Arewa, ni wannan ya yi mini yawa. Akwai masana tarihi da ke cewa babbar matsalar Rommel nisa ce: daga Tarabulus zuwa fagen daga a El Alamein ta Masar ya haura kilomita 2,000 a mota, motocin dakon mai suna shanye wani kaso na man kafin su isa, tashoshin Libiya kuma ƙanana ne.

Malama Binta:
Malam Abu yana da hujja a rabi na biyu. Yunwa ba ta bar Malta a watan Agusta ba, rabon abinci ya ci gaba da zama kaɗan har sai da wani ayari na jirage 4 ya iso lafiya a watan Nuwamba. Amma rabi na farko ban bi ka ba. Ayari ba a auna shi da abin da ya nutse, da abin da ya sauka ake auna shi. Gwamnan tsibirin, Lord Gort, yana da lissafin ranar da gari da mai za su ƙare, ranar da dole a miƙa wuya, kuma makonni kaɗan suka rage. Jirage 4 sun kawo kimanin tan 32,000 na kaya, Ohio ya kawo mai. Wannan ya tura ranar gaba da wata biyu da wani abu, daidai tazarar da ake buƙata a kai Nuwamba.

Abu Fatima:
Na karɓi wannan, Malama. Ya sayi lokaci. Amma a bar shi a nan, kada a ce shi ya ci yaƙi.

Baba Injiniya:
Ban ce ya ci yaƙi ba, Malam Abu, kuma duk wanda ya ce haka ya zarce. Abin da na tsaya a kai shi ne, bayan man nan ya sauka jiragen ƙarƙashin ruwa da na sama da ke Malta sun sami abin fita farautar jiragen da ke kai wa Rommel mai, a daidai watannin da ake shirin yaƙin El Alamein. Nisa ta cuce shi, Malta ma ta cuce shi, ɗaya ba ta kore ɗaya.

Bari in ƙarasa, don abin da ya fi taɓa ni yana gaba. Inda injin ya mutu, jirgi mai lafiya ba zai yi yini ɗaya ba ya isa Malta. Su kwana biyu suka yi. Jirgin yaƙi Penn ya ɗaura masa igiya ya ja, sai Ohio ya dinga karkacewa yana zagaye saboda ramin da ke gefensa, igiya tana tsinkewa. Aka kwashe mutane, suka dawo. Da yamma bom ya shiga har ɗakin inji, ƙashin bayan jirgin ya karye, aka sake kwashe su, suka sake dawowa. Har da waɗanda aka tsamo daga ruwa bayan nasu jiragen sun nutse, mutanen da ba wanda zai zarge su in sun kwanta, suka ce a kai su kan Ohio su riƙe bindiga. Biyu daga cikinsu Amurkawa ne na jirgin Santa Elisa, Frederick Larsen da Francis Dales.

Da ja ya ƙi, sai aka yi dabarar da ban taɓa jin an yi wa jirgi mai wannan girma ba. Penn ya manne masa a gefe ɗaya, Bramham a ɗaya gefen, aka ɗaure su tamau da wayoyin ƙarfe, kamar yadda mutum biyu ke saƙala hannun majinyaci a kafaɗunsu. Rye mai share nakiya da Ledbury suna taimakawa, ɗaya na ja, ɗaya na daidaita masa hanya tunda ba shi da abin juyawa. Famfunan jiragen yaƙin suna zuƙe ruwa daga cikinsa, yana ci gaba da nutsewa a hankali, har ruwa ya kusa shafe bene. Ku tuna, waɗanda suka manne da shi sun ɗaure kansu ne da tan dubbai na mai alhali ana jefo bom. A haka, da tafiyar da ba ta fi saurin mai sassarfa ba, suka zagaya gefen filin nakiyoyi suka shiga babbar tashar Valletta, babban birnin Malta, da safiyar 15 ga Agusta.

Sani Kumasi:
Ranar kuwa ta dace da idin Santa Marija, babban bikin Kiristocin tsibirin, shi ya sa har yau sunan da suke kiran ayarin ke nan. Abin da ya ba ni mamaki da na karanta game da su, harshensu daga Larabci ya samo asali. Kiristoci ne, amma Alla suke cewa in za su ambaci Ubangiji, azuminsu kuma Randan suke kiransa.

Malama Binta:
Baba, na ji, kuma na yarda farar hular nan ne suka riƙe jirgin. Amma ka lura hujjata ce ka ƙarfafa. An ba Mason lambar George Cross, wadda ake ba wanda ya yi bajinta ba a matsayin mayaƙi ba, irin wadda aka ba tsibirin Malta kansa a watan Afrilun shekarar, tana nan a tutarsu har gobe. Wato ko a wajen yabo an san ba sojoji ba ne. Kuma abin bai tsaya a 1942 ba. A 1982 da Birtaniya ta tafi yaƙin Falklands, haka ta sake karɓar jiragen kasuwa, na fasinja da na mai da na kaya, aka harbi jirgin kaya Atlantic Conveyor, mutum 12 suka mutu.

Baba Injiniya:
Haka ne Malama, kuma a takardar lambar yabon Mason an ambaci jama'arsa, ba shi kaɗai ba. Ni abin da nake so yaron da ya yi maganar nan ya riƙe shi ne sunan Wyld da aikin mutanen ƙasan bene.

Ɗalibi:
Ni ne na faɗa, Baba, kuma na janye. Ina jirgin yake yanzu? An gyara shi?

Baba Injiniya:
Allah ya yi maka albarka. Bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Suna shiga tasha aka sa famfo ana zuƙe man da sauri, don ana tsoron jiragen sama su dawo ko ya nutse da kayan. An sami kimanin tan 10,000 daga cikin 11,500. Ana gama kwashewa ya zauna a ƙasan ruwa a inda yake, daga baya ya rabe biyu. Ya yi sauran shekarun yaƙi a gefen tashar ana ajiye kaya a cikinsa, wani lokaci sojoji na kwana. Ranar 19 ga Satumba 1946 aka ja rabin gaba zuwa cikin teku aka nutsar da shi da igwa, ranar 3 ga Oktoba aka bi da rabin baya. Daga saka shi ruwa zuwa tafiyarsa ta ƙarshe shekara biyu da wata huɗu ne. Allon sunansa da sitiyarinsa suna gidan tarihin yaƙi da ke Valletta.

Ɗan Tanka:
Baba, gobe da asuba zan yi lodi, zan kwana biyu a hanya. In na sauka lafiya ina so ka yi mana bayanin yadda ake zuƙe mai daga jirgin da ɗakin famfonsa ya fashe, don wannan wurin ban gane shi ba.

Baba Injiniya:
Allah ya kai ka lafiya ya tsare hanya. Ka yi mini magana in ka dawo, zan zana maka yadda bututun suke.